Igiyar Mutanen Askalida

Ku matso, ku gyara zama, masu gemu da masu jiran gemu. Ku ba ni aron kunnuwanku, in mayar muku da su cike. Ni ne Anaruwa ɗan Gagarau, gyartai jikan gyartai, wanda ya ratsa yashi da tafin ƙafa, ya ratsa teku da ƙarfin kafaɗa, ya ci abincin garuruwa saba'in cikinsa bai taɓa yi masa tawaye ba sai sau ɗaya. Abin da zan faɗa muku idona ne ya gani, wuyana ne ya ɗauka. Wanda ke ganin ƙarya ce ya tashi tun yanzu, don abin da ke gaba ya fi na baya.

Jimina ce ta fitar da ni daga gida. Sarkin garinmu, wato garin Tsaunin Gwanki, yana da wata jimina da ya fi so a kan 'ya'yan cikinsa. Ran nan ina zaune a gindin tsamiya ina ɗinkin ƙwarya, sai 'yar banzar ta miƙo wuya ta haɗiye basillata. Na kai ƙara fada. Aka saurare ni tsaf, sa'an nan aka yanke hukunci cewa in durƙusa gaban jimina in ba ta haƙuri, don na ajiye abu mai tsini inda idonta zai kai. Na durƙusa, na ba ta haƙuri. Ko kallona ba ta yi ba.

Ina cikin wannan takaici wani falke mai gishiri ya ba ni labari cewa bayan yashi akwai teku, bayan teku akwai ƙasar Yunanawa, inda kowane birni yake cin gashin kansa, wasu ma ba su da sarki ko na magani. Jama'a ne ke taruwa a dandali su yanke shawara da tsakuwa. Na ce wannan sai na gani da idona.

Ni kaɗai na rage wa uwata, Inna Kyauta, ita kuwa lokacin ta fara dogara sanda. Na ce mata damina biyu kawai, in gano garin da ba sarki in dawo. Ta dube ni ta ce, "To ka yi sauri. Ni ba kuka ba ce da zan shekara ɗari ina tsaye."

Na bi ayari har bakin teku. Can na sami wani jirgin Yunanawa da ke neman masu tuƙi, na shiga, na shekara ina jan filafili har harshensu ya zauna a bakina. A jirgin nan na fara ganin aikin tsakuwa. Wata rana hadari ya taso baƙi ƙirin, raƙuman ruwa suna dukan jirgi. Ina jira a ce kowa ya kama aikinsa, sai shugaban jirgi ya fito da tulu ya ce a jefa ƙuri'a, hadari ne ko ba hadari ba ne. Farar tsakuwa ashirin da ɗaya, baƙa goma sha tara, aka tabbatar da cewa ba hadari. Ana cikin taya juna murna jirgin ya rabe biyu.

Wata randar man zaitun na rungume, ita ta kai ni gaɓa bayan kwana biyu. Da na ɗaga kai sai ga birni a kan tudu, ganuwarsa fara tas, gonakin inabi sun kewaye shi. Sunansa Askalida.

Kai, ban taɓa ganin masu son baƙo irin mutanen nan ba! Tun daga bakin ƙofa suka ɗauke ni cak, suka wanke mini ƙafa, suka shafe ni da mai har ina sulɓi, suka kawo gurasa da kifi da ɓaure da zuma. Na tambaya ina fada, aka yi dariya aka ce ba su da sarki tun kaka da kakanni. Na kwana uku ina kallon yadda suke taruwa a dandali, mai wanki ya ƙaryata mai jirgi goma ba wanda ya ɗaure shi. Na ce madalla, na ga abin da na zo gani. Rana ta huɗu na ɗauki sandata na nufi ƙofar gari.

Masu gadi biyu suka gitta mashinsu a gabana, suna murmushi. Ɗaya ya ce, "Baƙonmu mai daraja, ina zuwa?"

Na ce, "Gida."

Ya ce, "Ayya. Abincin ne bai yi ba?"

Na ce abinci ya yi, amma baƙo raɓa ne, in rana ta fito sai ya kama gabansa. Suka dubi juna da tausayi, suka ɗauke ni cak kamar ranar farko, suka kai ni wata unguwa a bayan kasuwa suka ajiye.

Unguwar Baƙi ke nan, ta kai kashi ɗaya cikin uku na birnin. Wani dattijo mai suna Mikon, gajere mai sanƙo, shi ya tashe ni daga ƙasa ya kakkaɓe mini riga. Na ce, "Baba, kai ma baƙo ne?"

Ya ce, "Baƙo ɗan baƙo jikan baƙo. Kakan kakana ne ya zo sayar da albasa, ya ce kwana ɗaya zai yi. Taho, ɗana, in nuna maka abin da ya ci mu."

Ya kai ni dandali, gaban wani dogon bango da aka sassaƙa wa rubutu daga sama har ƙasa, kusa da gunkin wani mutum mai gutsurarren hanci. Ya ce wannan shi ne Timonakas, uban dokokin Askalida. A zamanin da, gidaje bakwai ne suka gudo daga wani azzalumin sarki suka kafa birnin. Da suka rasa wanda za su ƙi, sai suka koma ƙin juna, shekara arba'in suna fasa wa juna kai. Timonakas, wani mai kiwon zuma, shi ya raba su, ya tsara musu dokoki ɗari, kuma dokoki ne na hankali, ba zalunci a ciki. Da ya gama sai ya ce zai je wurin wata bokanya a kan dutse ya tambaya ko akwai abin da ya manta. Ya sa kowa ya rantse ba za a canza ko kalma ɗaya ba sai ya dawo.

Mikon ya ce, "To, an umarci magatakarda ya rubuta duk abin da ya fito daga bakinsa a ranar. Mutumin kirki ne, bai san wasa da aiki ba, ya bi shi har bakin ƙofa yana rubutu. Karanta na ƙasa."

Na durƙusa na karanta. Doka ta ɗari da ɗaya: Kada a sauke tukunyar nan daga wuta. Ta ɗari da biyu: Wani ya riƙe mini jakin nan. Ta ɗari da uku: Kada baƙon nan ya tafi sai na dawo.

Na ce, "Wane baƙo?"

"Wani ne ya sauka a gidansa, ba su gama hira ba. Da yake bai ambaci suna ba, majalisa ta zauna shekara biyu, ta ga gara a riƙe kowane baƙo, kada a saki wanda ake nufi bisa kuskure."

"Yau shekara nawa da tafiyarsa?"

"Ɗari uku da goma sha ɗaya."

Na ce, "Haba Baba, ai mutumin nan tuni ya..." Ban ƙarasa ba ya toshe mini baki da tafin hannunsa, yana waige-waige. Ya ce duk wanda ya furta wannan kalma a Askalida, ludayi uku ake ɗura masa daga tukunyar. Miyar wake ce Timonakas ya bari a kan murhu, har yau tana tafasa, mutum goma sha biyu ke karɓa-karɓar ƙara mata ruwa da itace. Jakin kuwa ya hayayyafa, ana riƙe da jikan jikan jikansa, kuma babu muƙamin da ya kai na Mai Riƙon Jaki girma a birnin.

Na zauna daɓas a ƙasa. Na gudo daga sarkin da ake gani, na faɗa hannun wanda ba ya nan balle a roƙe shi. Damina ɗaya da rabi ta riga ta wuce, tsohuwata tana can tana duban hanya.

Ban yi zaman jiran tsammani ba. Da farko na shige cikin randar mai da za a kai jirgi, na ja murfi. A bakin ƙofa mai ɗanɗano ya zura ludayi ya ƙwanƙwashi ƙoƙon kaina. Ba wanda ya yi mini faɗa. Haƙuri ma suka yi ta ba ni, wai ashe shimfiɗarsu ce ba ta yi mini ba. Wata guda cur suna kwantar da ni a cikin randa, tunda ita na fi so.

Sai na ji labarin wata al'adarsu. Kowace shekara suna taruwa, kowa ya rubuta sunan wanda ya fi damun gari a kan tsingaro, wanda sunansa ya fi yawa a kore shi shekara goma. Na ce alhamdu, ga ƙofa! Na shiga fitsara gadan-gadan. Na hau cinyar gunkin Timonakas na ci kifi, na kushe girkin matan gari a gaban mazajensu, na yi ta rera waƙar noma a tsakiyar dandali lokacin da dattawa ke jawabi. Ranar tsingaro na je da ƙunshin kayana a kafaɗa. Da aka ƙirga, sai sunan mai masaukina ya fito, wani mai gasa gurasa da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Wai da ya kyautata wa baƙo da baƙo bai lalace haka ba. Ina tsaye ya fita ta ƙofar da nake mafarki, yana kuka, 'ya'yansa biyar suna riƙe da rigarsa. Wallahi ranar na tsani kaina.

Da abin ya ishe ni sai na shafa wa gemuna toka, na tsaya a dandali na ce ni ne Timonakas, na dawo, rana ce ta ƙona ni a hanya. Suka yi sowa, suka ɗauke ni sai gaban tukunya, wai mai miya ai zai so ya sha abarsa. Jama'a, tun daga zira'i ashirin idona ya fara hawaye. Baƙa ce wuluk, tana motsi ko ba a juya ta ba. Ludayi ɗaya na sha. Kwana tara ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo na tarar da kaina a wani gida, mutum goma sha shida suna zazzaune kewaye da ni, duk sun rame. Babbansu ya ce, "Sannu da dawowa, Timonakas. Mu ma duk mun dawo."

Haka damina ta uku ta wuce, ta huɗu ta kama. Wata rana a kasuwa na ga wata tsohuwa da sanda tana neman inda za ta taka, ba mai riƙe mata hannu. Na kai ta gida, na dawo na zauna a gindin ganuwa na yi kuka irin na yara, da majina da komai. Nan Mikon ya same ni. Ya zauna kusa da ni har na gama kukan.

Sa'an nan ya ce, "Akwai hanya ɗaya, amma ban so in faɗa maka ba, don na saba da kai. Doka ta arba'in ta ce kowa na iya kawo magana gaban majalisa, ɗan gari ko baƙo, amma da igiya a wuyansa, bakinta a hannun hauni. In farar tsakuwa ta yi rinjaye, an karɓa. In baƙa ce, hauni ya ja. Tun da aka kafa garin nan mutum takwas suka gwada."

Na ce, "Nawa suka tsira?"

Ya ce, "An yi musu jana'iza mai kyau."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kashegari da hantsi na tsaya a kan dutsen jawabi, zarge a wuyana, hauni a bayana yana gwada ƙarfin igiya. Gari duk ya hallara. A gaba ga Tirason, Mai Riƙon Jaki, dogo mai idon mujiya, yana riƙe da ragamar jakin da hannu biyu.

Na ce, "Ya ku mutanen Askalida! Ban zo canza doka ba, Allah ya kiyashe ni. Tambaya ce da ni. Shekara ɗari uku da goma sha uku, me ya hana Timonakas dawowa?"

Amsar tana bakin kowa, ga kuma ƙamshin tukunya yana busowa.

Na ce, "To ni na sani. Riƙe shi aka yi. Yana garinmu, Tsaunin Gwanki, a ɗakin uwata ya sauka. Mu ma mutane ne masu son baƙo kamarku. Ranar da zan fito na ce wa uwata kada ta bar shi ya tafi sai na koma. Kun riƙe ni, ita ta riƙe shi."

Wuri ya ruɗe. Tirason ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, "Baƙonmu mai daraja, in ka gan shi, yaya kamanninsa?"

Na saci kallon gunki na ce, "Dogo ne, mai cikar gemu, hancinsa a gutsure."

Wata mata ta ƙwalla ƙara, "Shi ne!" Tsofaffi suka fashe da kuka, wasu suka rungumi jaki. Na ce a raina shi ke nan, na sha. Ashe ban san Yunanawa ba. Wani ya miƙe ya ce in an saki baƙo an karya doka ta ɗari da uku. Wani ya ce in ba a sake shi ba Timonakas ba zai dawo ba har abada. Na uku ya ce sai an fara tantance mene ne tafiya. Aka kwana goma sha ɗaya a kan wannan kaɗai. Kwana arba'in ina tsaye a kan dutse da igiya a wuya, ana ba ni gurasa a baki, ni da hauni har mun zama abokai, yana ba ni labarin ciwon bayansa.

Rana ta arba'in da ɗaya, da tsakar rana jama'a sun watse neman inuwa, Tirason ya jawo jakinsa ya tsaya kusa da ni. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ƙarya kake yi. Ni na sani, kai ka sani, jakin nan ma ya sani. Hancin gunkin nan, kakana ne ya gutsure shi da tsani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to ka faɗa musu inda Timonakas yake."

Ya yi murmushi ya ce, "Kana da wayo. In na sa aka ja igiya, za a ce na toshe hanyar dawowarsa. In na sake ka, na karya doka. Ni kuma ina son jakina. Amma na sake duba doka ta arba'in. Ta ce mai igiya a wuya yana gaban majalisa muddin bakin igiyar na hannun hauni. Ba ta faɗi tsawon igiyar ba."

Da la'asar ya kawo wannan gaban jama'a, aka karɓa da guɗa, don ba doka aka canza ba, igiya aka ƙara. Zan je in saki Timonakas, amma a wurin doka ina nan tsaye a dandali ban tafi ko'ina ba, muhawara kuma za ta ci gaba. Ranar da baƙar tsakuwa ta yi rinjaye, hauni zai ja. Suka ce in rantse da abin da ya fi mini nauyi. Na rantse da nonon da na sha cewa ba zan kwance ba, ba zan yanke ba, ba zan roƙi kowa ya yanke mini ba.

Birni duk ya koma tufka. Aka aske awaki, aka yayyage tsofaffin zannuwa, mata suka ba da gashin kansu, aka gutsuri wutsiyar jakin don albarka. Aka kafa sabon muƙami, Mai Sakin Igiya. Ranar da zan shiga jirgi Mikon ya rako ni har inda doka ta yarda. Na ce, "Baba, ka nemi taka igiyar mana, mu tafi tare."

Ya girgiza kai ya ce, "In je ina, ɗana? Ko sunan garinmu ban sani ba. Kakana ya ce akwai rafi da albasa, iyakar abin da ya rage ke nan. Kai da kake da inda ake jiranka, je ka." Ya gyara mini zargen don kada ya goge mini fata, ya juya da sauri.

Tafiyar komawa ita ma abin a ba da labari ce. Igiya tana bina a baya, ta ratsa teku, tsuntsaye suna hutawa a kanta. Wani ƙaton kifi ya haɗiyi tsakiyarta, ya ja jirginmu kwana uku zuwa yamma kafin ya tofar. A wani tsibiri mata suka shanya wanki a kanta, suka roƙe ni in tsaya har ya bushe, na tsaya. A cikin yashi ayari guda suka bi ta wata biyu suna zaton hanya ce.

Duk abin da ake yi a dandalin Askalida kuwa a wuyana nake jinsa. In masu goyon bayana ke magana sai igiya ta yi sako-sako, in yi ta zabga sauri. In wani mai baƙar tsakuwa ya hau dutse sai in ji hauni ya fara tattarawa, in koma da baya-baya taki goma ko ashirin, idanu waje. Akwai wani mai dogon jawabi, ban san ko wane ne ba, Allah ya isa tsakanina da shi, wanda ya mayar da ni baya zango guda.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A wani zango wani maƙeri ya dube ni ya ce, "Bawan Allah, ga wuƙa, in raba ka da wannan bala'i?" Maimakon in yi shiru in bar shi ya yi, sai na tsinci kaina ina yi masa bayanin doka ta arba'in, har da ɗaga yatsa, na kuma gargaɗe shi kada ya taɓa kayan majalisa. Ya tattara kayansa ya koma wata inuwar. Har ta kai in zan ci abinci sai na jefa tsakuwa a ƙoƙo ni kaɗai, in ci ko kada in ci. Sau biyu na sha kaye na kwana da yunwa.

Damina ta shida tana ƙarewa, gero ya sunkuyar da kai, na hango dutsen garinmu. Duk wanda na gamu da shi a hanya sai in kau da kai, don tsoron kada ya tare ni da gaisuwar ta'aziyya. Na wuce rijiya, na wuce tsamiya, na hango danga da jinkar ɗakinmu. Hayaƙi yana tashi daga tsakar gida.

Na zabura da gudu. Saura taki arba'in in kai ƙofa, igiya ta ƙare.

Ta fizge ni na faɗi rigingine. Na tashi na ja, ko motsi. Na jira ko za a ƙara saki, shiru. Ko awakin Askalida ne suka ƙare, ko Mai Sakin Igiya ne ya yi barci, oho. Na miƙa hannu, na miƙa ƙafa, na kwanta na miƙe iyakar tsawona, ƙofar gida tana can tana kallona. Sai na buɗe maƙogwaro iyakar abin da zarge ya bari na ce, "Inna! Inna!"

Na daɗe ina kira. Can sai asabari ya motsa. Ta fito a duƙe, ta ƙanƙance, kanta fari fat, sanda a hannu ɗaya, a ɗayan wuƙar da take yankan kuɓewa. Taki arba'in ɗin nan ta yi su a hankali, ina ƙirga kowane ɗaya. Ta tsaya a gabana, ta matso da fuskarta dab da tawa don idon ya yi rauni.

Ta ce, "Anaruwa? Damina biyun ke nan?"

Na durƙusa na ce, "Inna, ki gafarce ni."

"To shigo mana. Ka tsaya a rana kana ta ihu, maƙwabta na ji."

Na ce ba zan iya ba. Na fara mata bayani tun daga gidaje bakwai. Na faɗa mata Timonakas da magatakarda, da tukunya da jaki, da farar tsakuwa da baƙa. Na ce a wurin doka yanzu haka ina tsaye a dandalin Askalida, ba a gabanta nake ba. Na ce na rantse da nononta ba zan kwance ba, ba zan yanke ba, ba zan roƙa a yanke ba, saboda haka sai dai mu jira majalisa, wataƙila kafin baɗi su ƙaro igiya, ni kuwa zan iya kafa 'yar bukka a nan.

Tana saurare tana shafa igiyar da yatsu, tana jinjina kaurinta. Ban kai ƙarshen doka ta arba'in ba ta ce, "Kai akuya ne?"

Ta sa wuƙar kuɓewa ta yanke.

Igiyar ta yi wata ƙara, ta zabura arewa tana kaɗa gero, ta haye dutse ta ɓace. Na tabbata a ranar mutum ɗari sun faɗi rigingine a dandalin Askalida. Ni kuwa na dafe wuya na ce, "Inna, rantsuwar fa?"

Ta ce, "Nonon nawa ne, na yafe."

Ta zare guntun da ya rage a wuyana, ta naɗe shi a hannu ta ce zai yi kyau da guga. Sa'an nan ta jefar da sandar ta kama kafaɗata. Sai da na ji rashin nauyinta kuka ya ƙwace mini, don ko tulun ruwa ya fi ta nauyi. Muka yi taki arba'in ɗin tare, ina kuka tana yi mini faɗa a kan ramar da na yi.

Damina ɗaya ta ƙara a duniya. Ni na yi mata noman, ni na ɗebo mata ruwa, kuma ranar da ta tafi kanta yana kan cinyata.

Nan hikayata ta tsaya. Ga kunnuwanku na mayar, kowa ya duba nasa. Wanda tsohuwarsa ke da rai ya tashi ya je ya gaishe ta, sauran ku miƙo mini ruwa.